Sunan da ke Jikin Gangar Man Shanu

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Gidan Tarihi na Kilbrannagh
Daga: Nuala Conneely, ƙauyen Gortnalee
Kwanan wata: 3 ga Oktoba, 2023
Game da: Kuskuren suna a ɗakin kayan fadama

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Ranar 9 ga Yuni, 1961, mahaifina yana yankan baƙar ƙasar da muke busarwa mu hura wuta da ita a fadamarmu, shebur ɗinsa ya ci karo da gangar katako cike da man shanu, wadda mutanen dā suka binne. Bai sayar ba, bai ɓoye ba. A jaki ya kai ta wurin limamin coci, daga can ta zo hannunku.

2. Ranar 14 ga Mayun bana na tura shi a keken guragu zuwa gidan tarihinku ya gan ta, sanye da kwat ɗinsa ta zuwa coci. Takardar jikin gilashin da kuka ajiye gangar a ciki ta ce Colman Máirtín Conneely ne ya samo ta. Ranka ya daɗe, Colman Conneely uku ne a ƙauyenmu, da sunan uba ake bambanta su, kowa ya san haka. Mahaifina Colman Tadhg ne. Marigayi Colman Máirtín kuwa shi ne maƙwabcin da suka shekara talatin suna rigimar iyakar wannan fadama. Sa sunansa tamkar cewa ne fadamar tasa ce. Tsoho ya karanta sau biyu, ya ce in mai da shi gida. Ko shayi bai sha ba ranar.

3. Na rubuto muku ranar 20 ga Mayu da 8 ga Yuli, aka ce sai kwamiti ya zauna. Takardar jikin gilashin nan fa layi uku ce kawai! Na ce zan buga da kaina, aka ce wannan ma sai kwamiti. Gaskiya raina ya ɓaci matuƙa.

4. Da na gaji da ganin mahaifina cikin damuwa, a watan Agusta na ce masa an gyara sunan. Zai cika shekara casa'in ranar 29 ga Oktoba, kuma ya ce babu kyautar da yake so illa a kai shi ya gani da idonsa. Har ya gayyaci jikoki.

Don haka ina roƙo cikin ladabi a sauya takardar nan. Ban taɓa yi wa mahaifina ƙarya ba sai wannan. Ku taimaka ku mai da ita gaskiya kafin ranar 29.

Taku cikin biyayya da girmamawa,
Nuala Conneely, 'yar Colman Tadhg