Mai Taka Zugazugin Prandtner

Litinin, 2 ga Oktoba, 1871
Shekara goma sha tara ke nan ana rera waƙar uwata a coci-coci, har Vienna, ba wanda ya taɓa cewa tata ce. Shekara talatin na yi a bayan ogan, babban abin kiɗan coci mai aiki da iska, ina taka zugazugi, Maigida Prandtner yana gaba yana kiɗa. In yana son iska sai ya ja ƙararrawa, kamar mai kiran jaki. Waƙar da Inna take kiran shanu da ita daga kan dutse nake yi a hanci don ƙafata ta daidaita. Ya ji ta tsakanin katako, ya saka ta a babban kiɗansa na ibada. Aka buga, sunansa a sama, na bishop a ƙasa.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Resi, 'yata, ta ce Prandtner yana kwance, likita ya daina zuwa. Na ce ni ma gwiwata na ciwo, wa ya zo?

Lahadi, 8 ga Oktoba
Ya aiko mai yi masa girki, wai in je. Na ce ta gaya masa ya ja ƙararrawa. Resi ta ce, "Baba, kai fa ka kunyata shi." To, na yi. Ranar da aka fara kaɗa kiɗan nan nasa gaban bishop, ana isowa kan waƙar Inna na ɗage ƙafata. Ogan ya yi nishi kamar saniya, ya mutu. Na leƙa, na ga yatsunsa suna ta danna abin da ba ya amsawa. Bai kore ni ba, ni na tafi. Tun ranar ko gaisuwa.

Talata, 10 ga Oktoba
Ya rasu da hantsi. Na faskara itacen da ba mu bukata.

Juma'a, 13 ga Oktoba
Fada, limamin cocinmu, ya ce mai takawar yanzu yana da gaggawar ƙafa, ko zan karɓa don jana'iza. Na ce don ogan zan yi, ba don mamacin ba. Matakan hawa wurin ogan arba'in da biyu ne har yanzu. Da aka zo kan waƙar Inna, ƙafata ba ta ɗaga ba. Ƙura ta yi yawa a bayan nan, ta dami idona.

Asabar, 14 ga Oktoba
Mai girkin ta kawo takardu a ɗaure, wai abin da ya kira ni ya ba ni ke nan. Rubutun hannunsa ne na farko na kiɗan nan. Ɗige-ɗigen rubutun kiɗa ba na gane su, amma sunan Inna na sani, shi Resi ta fara koya mini. Notburga Kogler, a saman shafi na tara. Resi ta karanta sauran: waƙarta ce, daga bakin ɗanta Veit, wato ni. Tawadar ta tsufa. Kwanan watan ya riga ranar bishop da wata huɗu.

To wa ya cire sunan? Mai bugawa? Bishop? Shi kuma Maigida, gidansa taku ɗari daga nawa, me ya hana shi buɗe baki? Ni ma dai ban tambaya ba. Na je kabarin da yamma, ƙasar ba ta ko bushe ba. Na ce, Maigida, ga ni, na zo, sai ka faɗa. Gobe zan koma. Dole wani ya ba ni amsa.