Kindirmon da Mama ke ba jaririnka

Yaya Bitrus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Da fatan ƙafarka ta yi sauƙi. Mu nan Kafanchan lafiya, sai abu ɗaya.

Ka tuna kircin da ya wahalar da babbar 'yarka tana jaririya. Matarka Rifkatu ta ji tsoron kada sabon yaron ma ya yi, sai ta tambaya a asibiti. Nas ta ce akwai maganin ɗigawa mai ƙwayoyin halitta masu amfani, irin na cikin kindirmo, wataƙila ya taimaka, ba tabbas. To, Mama kindirmo kawai ta ji.

Tun ranar take sayowa a kasuwa tana ɗura masa da cokali, yaron da bai kai wata biyu ba. Mai nonon kanta ta ce, "Mama, mu Fulani ma ba ma ba jinjiri wannan." Mama ta ce, "Ke dai auna mini, ni na raini bakwai."

Fatarsa sumul, Mama sai nuna wa maƙwabta take yi. Amma ni da nake riƙe shi na ga zawo ya ƙi tsayawa, maɗigarsa ta faɗa, yana kuka babu hawaye. Rifkatu ba ta iya musu da surukarta, ni kuwa an ce me na sani.

Maganarka kaɗai Mama ke ji. Don Allah ka kira ta, ka ce a kai shi asibiti. Ku sa shi a addu'a, ka gai da mutanen gidanku. Yau ko kukan bai yi ba.

Ƙaninka,
Ayuba