Zobban Bindigar Baba

Yaya Bulus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya Fatakwal, yaya aiki? Yaya madam da yara? Mu a Fadan Kagoma lafiya, sai ƙafar Baba da ta ƙi sauƙi.

Zobban rataya bindiga da ka aiko sun iso. Ana danna maɓalli igiya ta fita, a mayar ta kama, gwanin kyau. Sai dai sukurun da ake kafa su da shi a jikin katako ya yi kauri. Na ce mu kai bindigar Kafanchan kafinta ya huda katakon gindinta. Baba ya ce bindigarsa ba ta bin shingen sojoji. Ya gasa ƙusa ya huda da kansa kamar ƙotar lauje, ya murɗa sukurun da ƙarfi, katakon ya tsage.

Yanzu da roba muka ɗaure, ni nake saɓa bindigar. Birai sun dami masara, kullum ina gona. Zancen komawata makaranta, bana ma Baba ya ce sai bayan girbi.

Ka gaida Kawu Yohanna. Ku sa ni a addu'a. Yaya, bindiga ma ka samo mata maɓallin kwancewa. Ina nawa?

Ƙaninka,
Danladi