Sunan da Na Rubuta Gaban Lauya

Winnipeg, 3 ga Maris

Ƙanwata Nenita,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar mijinki, ya yara? Ni lafiya lau, sai 'yar mantuwa da likita ke ta zuzutawa. Shekara ashirin ina jinyar tsofaffin da suka ruɗe, shi zai gaya min?

Jiya lauya ya ce in rubuta wanda zai yanke min shawara in hankalina ya gushe. Na rubuta. Ya ce, "Tana ina?" Sai na tuna Mama ta shekara tara a kabari.

Na soke, na sa sunanki. Kar ki ƙi. Ki aiko min busasshen kifi. In wata rana na kira ki Mama a waya, ki amsa kawai, kar ki gyara min.

Allah ya raya yaran.

Yayarki,
Perlita