Ƙafarka Na Ɗora, Jikana Ka Kora

Zuwa ga Shugaban Kwalejin Horon Malamai da ta sallami jikana Haruna, Jihar Sakkwato.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina gaida iyali. Ni ban yi boko ba. Mai rubuta wasiƙa na kasuwar Jega na zaunar, na sa ya karanta mini sau biyu. Babu kalmar da ba tawa ba.

Na ɗaya. Ka san ni. Ni ne tsohon nan na ƙauyen Kashin Zama da ya ɗora ƙafarka ta hagu, shekarar da babur ya kayar da kai a hanyar Maiyama. Ranar da na kwance karan ɗori ka so ka taka nan take, na hana. Na ce yau taku uku da sanda, gobe biyar. Ka bi, ba ka tambaye ni takardar shaida ba.

Na biyu. Haruna ba daƙiƙi ba ne. Haruffa ke yi masa gardama. Shafin da abokansa ke gamawa kafin koko ya huce, shi sai ya kai azahar. Amma abin da ya shiga kunnensa ba ya fita. Iyakokin gonakinmu da wa ya gaji wa, sau ɗaya na faɗa masa. Da rikici ya tashi a fadama, shi ya jero su gaban dattawa, ban gyara masa ko ɗaya ba.

Na uku. Darussa tara kunka ɗora masa lokaci guda. Na zo ofishinka, na tuɓe takalmi, na roƙi a raba: biyar bana, huɗu baɗi, ko da zai ƙara shekara. Ka ce tsari bai san rabo ba, wanda ya kasa ya koma gona. Kana tsaye kan ƙafar nan ka faɗa mini haka.

Anka yi jarrabawa, ya ci biyar, ya faɗi huɗu, kunka kore shi. Biyar ɗin nan fa na roƙa, ranka ya daɗe.

Yanzu ya cusa littattafansa cikin buhu. Ya gama magana da wani direba, da an kwashe albasa zai bi mota Ikko. In ya tafi, abin da ke kaina tare da ni za a binne shi.

Roƙona: a mayar da shi kafin a cire albasa. A bar masa biyar da ya ci, ya ɗauki huɗun baɗi. A sami malami ya karanta masa tambayoyi da baki. Ban ce a ba shi amsa ba.

Allah ya ƙara girma, ya tsare maka ƙafar. In ta sake karyewa ka aiko, zan zo. Taku uku zan sake cewa.

Wassalam.

Kakan Haruna, mai ɗori, Kashin Zama.