Agogon Alhaji Bai San Ramin Damina Ba

Zuwa ga Mai girma Shugaban Komite na filin golf, tare da sauran mambobi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku, da kuma haƙuri da wannan ruwa da ya ƙi ɗauke ƙafa.

Ranka ya daɗe, ni ne Baba Sale na Zongon Kwatano, tsohon nan mai ɗaukar jakar 'yan wasa, wanda kuke kira kadi. Tun gemuna yana baƙi nake bin bayan mutane a filinku, yau ga shi fari fat. Makonni uku ke nan da sakatare ya tare ni a ƙofa ya karɓe katina na shiga, ya ce komite ya dakatar da ni saboda na yaudari ɗan wasa. Sau uku ina zuwa biro, wato ofishinku, sau uku ana ce mini kuna taro. To, tunda a bainar jama'a abin ya faru, bari in yi maganar a bainar jama'a. Ku yi mini haƙuri, tsoho ba ya yanke hanya.

Na farko, abin da ya faru.

A gasar 'yan sha'awa ta ranar Asabar ɗin da ta gabaci karɓe katin, na ɗaukar wa wani Alhaji jaka. Ba zan faɗi sunansa ba, kun san shi. Mutumin unguwarmu ne, mai motocin dakon kaya, masallacinmu ɗaya. Da girmansa ya shigo wasan, likita ne ya ce ya riƙa tafiya saboda ciwon suga. 'Yarsa da ke karatu a waje ta aiko masa da agogon nan mai magana da tauraron ɗan'adam, wanda ke faɗa wa mutum mita nawa ke tsakaninsa da rami. Duk wanda ya gaishe shi sai ya janye hannun riga ya nuna masa. Ba agogon yake nunawa ba, ranka ya daɗe, 'yar yake nunawa.

Muka iso rami na shida. Kun san wurin kwari ne. Idan ruwan tabki ya taso, yakan kwanta a kan lallausar ciyawar da ramin yake, kamar yadda yake shiga tsakar gidajen unguwar Avotrou ba sallama. Shi ya sa duk damina ma'aikata kan haƙa wani ramin a kan tudu, kusa da mai bugu, su kafa tuta a can. Mu muna ce masa ramin damina. Tsakaninsa da na asali taki talatin ne nawa, kusan mita ashirin da biyar.

Alhaji ya duba agogo, agogo ya ce mita ɗari da hamsin. Gaskiya ya faɗa, amma zuwa tsohon ramin da ke ƙarƙashin ruwa, inda kwaɗi ke nasu taron. Alhaji ya miƙo hannu ya ce in ba shi sanda mai lamba shida. Ga wanda bai san wasan ba, shida ta fi takwas jifa da nisa. Na san in ya buga da ita, ƙwallon zai tsallake tuta ya faɗa ruwa. Sai na zaro takwas na sa masa a hannu. Bai duba ba, ya buga. Ƙwallo ya sauka ya gangara, ya tsaya kamu biyu daga rami.

Da a nan zancen ya ƙare, da yanzu ina can ina goge sanduna. Sai wani ma'aikacin banki da suke wasa tare ya hango lambar lokacin da nake mayar da sandar jaka. Ya yi ta dariya har gidan shaƙatawa, yana gaya wa kowa cewa Alhaji ya ɗaura agogo amma tsoho ke buga masa wasa. Alhaji ya kai ƙarata wurin komite, ranar Litinin aka karɓi katina.

Na biyu, laifina.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bari in sauko daga nawa. Mutum ya nemi abu na ba shi wani ban gaya masa ba, wannan kuskure ne, ban musa ba. Amma ku ji inda na samo shi. Mahaifina goro ya sayar a bakin kasuwar Tokpa. Idan babban mutum ya zo da baƙi ya zaɓi goro mai tsutsa yana yabonsa, Baba ba ya cewa ka yi kuskure. Sai ya karɓa kamar zai ƙunsa masa, ya musanya da mai kyau a cikin ganye. Mutum ya tafi da goronsa da mutuncinsa. Haka aka raine mu a Zongo: ba a gyara wa babba a gaban baƙi, a ɓoye ake gyarawa. Ta yaya zan dubi Alhaji, ga mutane uku a tsaye, in ce kyautar 'yarsa ta ɓata hanya? Na so in rufa masa asiri, sai ga shi da hannuna na tona. Wannan ya fi karɓe katin yi mini ciwo. Ban ga laifin Alhaji ba don ya kai ƙara. Ko ni aka yi wa dariyar nan, sai na nemi wanda zan huce a kansa. Yanzu in na shiga masallaci ta dama, shi ta hagu yake fita.

Na uku, ba da agogo nake faɗa ba.

Wasu abokan aikina suna zaginsa, suna cewa ya zo raba mu da abinci. Ni ban ce haka ba. Na ga amfaninsa da idona. Sabon ɗan wasa da a dā yakan tsaya yana hange-hange har na baya su gaji, yanzu ya duba hannu ya buga. Mai raunin ido ya huta. Kuma agogo ba ya tashi da ciwon baya, ba ya jin haushin kowa. Muna yara ana ce mana abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To wannan yaron ya wuce rimi, sama ya hau gaba ɗaya, kuma na yarda yana hangowa. Sai dai filin da aka zana masa na rani ne. Ba wanda ya aika masa cewa an yi ruwa a Kwatano.

Na huɗu, ba a ji ta bakina ba. Ko mai gadi aka samu yana gyangyaɗi, akan tambaye shi me ya hana shi barci a gida. Ni ba wanda ya tambaye ni me ya sa. A ranar nan mutum nawa suka jefa ƙwallo a ruwan rami na shida, kowa da agogonsa? Ku tambayi ma'aikatan da suka tsamo su.

Katin nan da shi gidana ke cin tuwo, ba na ɓoyewa. Amma akwai abin da ya fi haka. Ƙafata ta saba awo. Makonnin nan na auna daga ƙofata zuwa masallaci, daga masallaci zuwa wurin mai shayi, har daga randa zuwa murhu. Mai ɗakina ta ce in ban koma fili ba, ita za ta je ta roƙe ku, don ta gaji da mutum yana ƙirga mata tsakar gida.

Ga roƙona, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ɗaya, ku kira ni ku ji ni, a gaban Alhaji, in ba shi haƙuri a inda aka yi masa dariya.

Biyu, duk ranar da aka matsar da rami saboda ruwa, a rubuta a allo a wurin bugun farko, domin masu agogo su rage abin da ya kamata. Alli kawai zai ci.

Uku, in kun ga haƙurina ya karɓu, ku mayar mini da katina kafin gasa ta gaba. Na yi alkawari, wanda ya ce in ba shi shida, shida zan ba shi. Amma kafin in miƙa zan buɗe baki, ko gaban wa, in ce ruwa na gaba. In ya ji, madalla. In bai ji ba, zan naɗe wando in shiga in tsamo masa ƙwallonsa, don wannan aikin kam har yau ban ga agogon da ya iya shi ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya sa ku yi hukunci da adalci. Allah ya ba Alhaji sauƙin ciwonsa, ya yi wa 'yarsa albarka, ya dawo masa da ita lafiya. Ni kuma Allah ya sa in sake taka ciyawar nan kafin gwiwa ta ce ta gaji.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Baba Sale mai jaka,
Zongo, Kwatano.