Kwarin da Baffa ya yanka maka

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san ba za ka karanta wannan ba. A bayan allona nake rubutawa, da baƙaƙen da ka koya mini, don ban san wa zan faɗa wa ba.

An yi girbi, Baba. Kwarin nan da Baffa Sule ya yanka maka ranar da kuka raba gandu, shi kaɗai ya yi dawa a duk gefenmu na Gozaki. Ka tuna yadda aka yi? Tun kana saurayi kake yi masa noma don shi ne yayanka, amma da aka zo rabo ya riƙe jigawar duka da ɗorawoyinta, ya nuna maka laka inda ruwa ke kwana. Ka yi masa godiya, ka saɓa garmarka. Kullum kana tsaye cikin ruwa kana ta da kunyoyin shuka, sauro yana cin ka. Can zazzaɓin ya kama ka.

Bayan an kai ka, sai ruwa ya ɗauke, dawa ta fara ciki. Ta Baffa ta bushe a tsaye. Tamu kuwa, lakar da ta kwantar da kai ita ta riƙe mata laima. Rumbunka ya cika, har mun jera sauran dammunan a ɗakinka.

Kowa cewa yake Allah ya saka maka. Mata suna zuwa suna dafa kaina. Ni dai ban ji komai ba. Ka san ni da mafarkin ido biyu. Da, in ka tura ni korar tsuntsaye, sai in zauna ina tsara wa kaina labarin wani ɗan fatake mai farin rawani da zai ratso ya roƙe ni ruwan sha, har tsuntsayen su ƙoshi su tashi. Yanzu ko shi ya daina zuwa.

Jiya da hantsi Baffa ya yi sallama. Ya rame, Baba. Ya tsuguna a bakin danga yana ta gaisuwa, ya kasa faɗin abin da ya kawo shi. Inna ta dube shi, ta ce in hau rumbu, tunda ni ce bakin rumbun ke ɗauka. Na shiga, na tsaya cikin duhu da ƙamshin sabuwar dawa. Na daɗe. Da na ce damin ya fi ƙarfina, ba mai ganin laifina. Sai na tuna yaransa, na ɗago na miƙa, na sake miƙa wani. Ban sani ba ko na yafe. Hannuna ne dai ya yi.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba, don kunyarka nake ji. Ranar rabon ina laɓe bayan danga, na so ka ɗaga murya ko sau ɗaya. Haƙurinka ya ba ni haushi. Ashe ka san wanda ka dogara da shi? Ko kuwa gajiya ce kawai?

Da yamma liman ya zo yi wa Inna barka, ya ba mu labarin annabin da 'yan'uwansa suka jefa rijiya, daga baya yunwa ta kai su gabansa neman hatsi. Ban musa ba. Allah ya ciyar da mu, har da wanda ya cuce mu. Amma shi annabin yana raye suka zo. Da idonsa ya gan su, da bakinsa ya ce a auna musu. Kai ko tuwon farko ba ka ɗanɗana ba.

Allah ya kai haske kabarinka. Sai mun taho.

Ɗiyarka,
Hansatu